Sawun Baro A Bakin Tafki

Goggo Mai Kifi ce ta fara ganinsu. Ta fito da kwanon abincinsu kamar kullum, tana yi musu ɗan kiran nan da ta saba, sai ta tarar tafki na uku ya yi fari fat. Kifaye ne sun juya ciki sama, bakuna a wangale, iska tana tura su lungu ɗaya. Kwanon ya suɓuce daga hannunta. Ihun da ta yi har bakin titi an ji shi.

Ba kifin ci take kiwo ba. Jajayen kifin ado ne, irin da ake sakawa a akwatin gilashi a otal da ofisoshi. Tafkunan siminti huɗu ne a bayan gidanta, kuma na ukun shi ne rayuwar gidan, domin a nan iyayen suke, manyan matan da ita da marigayi mijinta suka yi shekaru suna tacewa. Lokacin zuba ƙwansu ya matso. Da su ake ci a gidan, da su yara ke makaranta.

Kafin rana ta ɗaga, tsakar gidan ta cika. Ƙanin mijinta, wanda kowa ke kira Mai Ƙanƙara saboda sana'arsa, shi ya ratsa taron ya leƙa tafkin, ya dafe kai.

"Guba ce," in ji shi. "Matar yaya, wallahi guba ce. Kuma ba sai an je nesa ba."

Ya nuna katanga. A bayanta shagon Mai Wanki yake, kuma duk layin sun san rigimar da aka yi kwanan baya a kan magudanarsa, wadda ruwan sabulu ke tsiyaya daga cikinta zuwa gindin katangar Goggo. An yi zage-zage ranar. An ji Mai Wanki da bakinsa yana cewa kifin nan sai sun zama sanadin baƙin cikin wani.

Magana ta bi baki. Nan da nan matasa suka yi wa shagon zobe, wasu da duwatsu, wani har da galan ɗin fetur. Mai Wanki ya kulle kansa ciki da matarsa da 'ya'yansa. Ɗan sanda ɗaya tal ya iso, wani kofur mai furfura, ya tsaya a ƙofar ya buɗe hannuwa.

"Ku ba ni zuwa yamma," ya ce musu. "Na aika a kira Mai Sawu. In ya ce wannan mutumin ne, ni da kaina zan sa masa ankwa."

Sunan ya ɗan kwantar da su.

*

Mai Sawu gajere ne, siriri, ya yi aikin gadin daji har ya yi ritaya. A can ya koyi bin mafarautan sata ta kan dutse da ciyawa. Yanzu akuyar da ta ɓata da babur ɗin da aka sace su ne aikinsa. Yana riƙe da 'yar sanda wadda bai taɓa dogara ta ba, nuni kawai yake yi da ita.

Ya gaida Goggo, ya yi mata jaje, sannan ya dubi taron da ke tsakar gida ya girgiza kai.

"Jama'a, kun taimaki mai laifi ƙwarai. Kowa ya zo da ƙafafunsa biyu ya share masa hanya. To, ku koma waje, Allah ya saka."

Aka yi dariya aka fita. Ya bar tsakar gidan, ya zagaya ta ƙofar baya, inda wani siririn lungu ya miƙe zuwa kwalta. Ruwan da ake zubarwa daga tafkuna ya sa ƙasar wurin ba ta bushewa. Ya tsuguna ya daɗe. Daga nan ya kira Goggo.

"Kina da baro?"

"Akwai, amma tayarsa ta fashe tun bara. Ga shi can a jingine."

"To, wani ya kawo miki nasa." Ya nuna da sanda. "Ga shigarsa, ga fitarsa, kuma ba sau ɗaya ba. Tayar tana da faci a gefe, kin ga inda yake bugawa. Amma ba wannan ne ya dame ni ba. Dubi zurfin."

Goggo ta duba, ba ta ga komai ba sai laka.

"Mai zuba guba ba ya bukatar baro, kwalba ta ishe shi a aljihu. Ɓarawo kuma yakan shigo da baro fayau, ya fita da shi da nauyi. Wannan ya shigo da nauyi, ya fita da nauyi. Me ya kawo, me ya ɗauka?"

Ya bi sawun har kwalta, a nan ya ɓace. Da ya dawo sai ya duba kwaɗon ƙofar. Ba a fasa shi ba. A bakin tafkin, cikin tsagar siminti, ya tsinci wani abu jiƙaƙƙe, ya murza a yatsa ya sansana. Dusar katako ce.

Sannan ya tsaya yana kallon ruwan. Ƙarƙashin gawarwakin, can ƙasa, wani abu ja ya gilma. Ya jira. Wani ya sake gilmawa.

"Goggo, akwai masu rai a ciki."

Biyu ne, manya, suna yawonsu a natse kamar ba abin da ya faru. A jikin bango kuma talibambam na ta wutsil-wutsil.

"Ni ban san kifi ba sai a faranti," in ji Mai Sawu. "Amma ban taɓa jin gubar da ke zaɓen wanda za ta kashe ba. Akwai wanda ya san cikin kifi a garin nan?"

"Likitar dabbobi. Ita ke duba mini su."

"A kai mata matattu uku da mai rai ɗaya, yanzu, kafin rana ta lalata su. A ɗebi ruwan ma a kwalba. Zan same ta."

*

Kofur ya sa aka buɗe wa Mai Sawu shagon Mai Wanki. Ciki zafi kamar tanda, ga warin sabulu da gawayin guga. Matar tana rungume da ƙaramar 'yarsu a bayan tulin zannuwan gado. Mai Wanki, ƙato mai faffaɗan ƙirji, ya tare shi da magana.

"Baba, na faɗi maganar. Ba zan yi musu ba, na faɗa. Baki ne ya kwashe ni. Amma na rantse ban taɓa kifinta ba."

"Ina magudanar?"

Ya kai shi baya. An toshe tsohuwar magudanar da siminti, an ja sabon bututu zuwa kwatar titi. Mai Sawu ya danna simintin da farce. Ya bushe ƙam.

"Yaushe ka yi wannan?"

"Washegarin rigimar. Matata ce ta hana ni barci, ta ce Goggo ce da gaskiya."

"Ka gaya wa Goggo ka gyara?"

Mai Wanki ya sunkuyar da kai. "Girman kai ya hana."

"Girman kan nan ya kusa jawo maka gobara. Kana da baro?"

"Keke nake kai kaya da shi."

Mai Sawu ya dubi ƙafafunsa, manya kamar faranti, ya tuna sawun da ke tsakanin layin tayar, na mutum matsakaici mai jan ƙafar hagu kaɗan idan yana tura kaya.

"Zauna ciki tukuna," ya ce. "Ba don kana da laifi ba, don waɗancan na waje ba su sani ba."

*

Maigadin gidan Goggo yana zaune a kan bencinsa, ya haɗa kai da gwiwa. Tun da aka ji ba a fasa kwaɗo ba, wasu suka fara kallonsa a kaikaice.

"Makulli nawa ne?" Mai Sawu ya tambaye shi.

"Nawa da na Goggo. Akwai na marigayi, amma ban san inda yake ba."

"Naka yana ina?"

Ya ciro shi daga wuya, a ɗaure da igiya.

"To, mutum ya shigo da baro sau da yawa, ya yi ta facal-facal a ruwa da raga, kai kana ina? Kada ka ce barci, na ga tabarmarka a naɗe, ƙura ma ta hau ta."

Maigadi ya sauke murya. "Baba, ka rufa mini asiri. Mahaifiyata ce ba lafiya, ba ta iya tashi. Kullum da asuba nakan je in juya ta, in ba ta magani, in dawo kafin Goggo ta fito. Ban taɓa faɗa mata ba, tsoro nake ta sallame ni."

"Wa ya san kana tafiya?"

"Babu kowa."

"Babu wanda kuke haɗuwa a hanya?"

Ya yi tunani. "Sai masu fitowa da wuri. Mai burodi. Direban motar shara. Baffan yara ma, Mai Ƙanƙara, in zai kai wa masu nama kaya. Mukan gaisa."

Mai Sawu ya tashe shi daga bencin. Ya sa shi ya taka laka ya gani. Ƙafar ba ita ba ce.

*

Dusar katako ta kai shi wurin Kafinta, a ƙarshen layi. Ga baro a ƙofar shago, cike da dusa. Matasan da ke biye da Mai Sawu daga nesa suka fara kuwwa, an kama, an kama.

Kafinta ya fito da zarto a hannu, ido ja. "An kama wa? Ni da ko ruwan wanka tsoronsa nake, me zai kai ni tafki?"

Mai Sawu ya kifar da baron ya juya tayar da hannu. Sumul take, sabuwa, ba faci.

"Ku watse," ya ce wa matasan. "Da ihu ake gano ɓarawo, da tuni kun gama aikin." Ya juya ga Kafinta. "Yi haƙuri, Malam. Wa ke sayen dusarka?"

"Wa ba ya saya? Masu kaji, mata masu murhu, mai gidan doki. Mai Ƙanƙara kuwa buhu-buhu yake ɗauka, da ita yake lulluɓe ƙanƙararsa kada ta narke."

Sau biyu kenan sunan ya fito. Amma mutum ya wuce da asuba ba laifi ba ne, sayen dusa ma haka. Kuma me zai sa ƙanin miji ya kashe abincin 'ya'yan yayansa? Mai Sawu ya ajiye tambayar a ransa ya nufi asibitin dabbobi.

*

Likita mace ce mai fara'a, ta naɗe hannun riga, tana sunkuye a kan na'urar ƙara girma. Kifin mai rai yana cikin kwano a gefenta.

"Baba, sannu da zuwa. Ruwan da kuka aiko, na saka ƙananan kifi a ciki tun ɗazu, ga su nan suna wasa. Babu guba. Waɗannan shaƙewa suka yi."

"Kifi ya shaƙe a cikin ruwa? 'Yata, tsufa ne ya kama ni, ba wauta ba."

Ta yi dariya. Ta ɗaga marfin kunnen mataccen kifi ta nuna masa jan abin da ke ƙarƙashi, jere kamar haƙoran mataji.

"Ka ɗauki wannan a matsayin huhunsa. Akwai iska narke a cikin ruwa, da wannan yake tace ta. To, ga inda wahalar take. Ruwa in ya yi ɗumi, iskar da ke cikinsa raguwa take yi. Shi kuma kifi jikinsa bin zafin ruwa yake, in ruwa ya ɗumama sai jininsa ya yi sauri, ya bukaci iska fiye da da. Bukata ta ƙaru, abin ya ragu. Shi ya sa za ka ga kifi a ruwan ɗumi yana buɗe kunne da sauri, na ruwan sanyi kuwa a hankali, kamar mai gyangyaɗi."

"To, ai tafkin Goggo kullum da ɗumi yake. Me ya sa sai yau?"

"Tambayar da na yi wa kaina kenan. Zo ka sa ido a nan."

Ya rufe ido ɗaya ya leƙa. Ya ga wasu siraran ganyayyaki jere, kowanne a ware da ɗan'uwansa, da fili a tsakani.

"Wannan ɗan guntu ne na yanko daga mai ran. Yanzu ga na mataccen."

Ya sake leƙawa. Wannan kuwa a cushe yake, an cike tsakanin ganyayyakin da wani nama, bakinsu kawai ke leƙowa.

"Kamar mataji da datti ya toshe," in ji shi. "Ciwo ne?"

"Ba ciwo ba ne, dabara ce. Ba kowane kifi ke yin ta ba, amma wannan irin yana yi. In ya zauna a ruwa mai sanyi sosai, iska ta wadata, bukatarsa kuma kaɗan ce, sai ya cike tsakanin da nama, don ta nan gishirin jikinsa ke zurarewa cikin ruwa. In ruwa ya fara ɗumi, sai ya zubar da naman ya buɗe huhun duka. Amma abin kwanaki yake ɗauka. In ka ɗauko shi daga sanyi ka jefa a ɗumi farat ɗaya, ga firgitar canjin, ga huhu a toshe, balle da asuba lokacin da iskar tafki ta fi ƙaranci, ba zai kai hantsi ba."

Mai Sawu ya miƙe a hankali.

"Kina nufin waɗannan a sanyi suka yi rayuwarsu."

"Watanni, ba kwana ɗaya ba. Kuma na farke cikin ukun, babu ƙwai ko a ɗaya. Na Goggo kuwa na duba su kwanan nan, cikinsu taf yake. Abin da na kasa ganewa shi ne yadda kifin sanyi ya shiga tafkinta."

"A baro," in ji Mai Sawu. "Ya shigo da nauyi, ya fita da nauyi. Wannan rabin nawa ne, kin kawo naki." Ya ɗauki sandarsa, sai ya tsaya a ƙofa. "Kifin ɗumi fa, in aka jefa shi a sanyi?"

Fara'ar ta bar fuskarta. "Sandarewa zai yi, ya kwanta a ƙasa. In sanyin ya yi yawa, ba lalle ya kwana ba. Baba, in suna da rai a wani wuri, a hanzarta."

*

Mai Sawu ya biya ta gidan Mai Ƙanƙara kamar mai neman sayen ƙullin ƙanƙara ɗaya. Mai gidan ba ya nan, yana can wurin Goggo yana karɓar masu jaje. Matarsa ce ta fito. Rumfa ce mai duhu, inji na ruri, ƙasa duk dusar katako. A lungu akwai wani dogon tankin siminti inda ruwan narkewar ƙanƙara ke tsiyaya, an lulluɓe shi da tamfol an danne da duwatsu.

"Nan ne kifin maigida? Na ji ana yabonsu."

"Yabo?" Ta taɓe baki. "Tun suna 'yan mitsi-mitsi ya saye su wurin Goggo, har yau ko ƙwai ɗaya. Ci kawai, shi ma ba da kirki ba. Yau kuma ya ce kada kowa ya buɗe."

A bayan ƙofa baro na jingine, an wanke shi tas, har yanzu da laima. Mai Sawu ya juya tayar da kan sandarsa. Facin ya zagayo.

Ya biya kuɗin ƙanƙararsa ya fita.

*

Mai Sawu ya sa Kofur ya tara su a bakin tafki na uku: Goggo, Maigadi, Kafinta, Mai Ƙanƙara, da Mai Wanki wanda aka shigo da shi ta baya. Likita ta zo da kwanonta. Jama'a suka hau katanga, wasu suka cika ƙofa.

"Zan gajarta, domin akwai masu jiran mu," in ji Mai Sawu. "Ba a zuba guba ba. Mai Wanki ya toshe magudanarsa tuntuni, duk mai shakka ya je ya danna simintin. Maigadi ya bar aikinsa da asuba, wannan tsakaninsa da Goggo ne, kuma in ta ji dalili ba na jin za ta yi fushi. Kafinta laifinsa ɗaya, dusarsa tana da kasuwa."

"To wa ya kashe mini kifi?" Goggo ta tambaya, murya a dishe.

"Ba wanda ya kashe miki kifi, Goggo. Waɗannan ba naki ba ne."

Wurin ya ɗauki hayaniya. Goggo ta tsuguna, ta sa hannu ta ɗauko ɗaya. Tun safe kuka ya hana ta duba su da kyau. Ta juya shi, ta shafa cikin, ta dubi wutsiyar, ta ɗauko wani.

"Jinin nawa ne," ta ce a hankali. "Amma ba iyayen kifina ba ne. Waɗannan ramammu ne."

Likita ta yi musu bayanin huhun a taƙaice, yadda na sanyi ke cushewa, na ɗumi ke buɗewa. Mai Sawu ya karɓa.

"Wani ya daɗe yana kiwon kifi ba su haihu ba. Ya ga na Goggo sun kusa zuba ƙwai. Ya san lokacin da Maigadi ke fita, yana kuma da makulli. Sai ya ce bari ya yi musanya, ya kwashi nata ya zuba nasa. Biyu ne kawai suka kuɓuce wa ragarsa, su ne muka gani da rai. Iri ɗaya, launi ɗaya, ruwa kuma kore ne ba a ganin ƙasa. Lissafinsa shi ne nasa za su ci gaba da yawo, in lokaci ya yi ba su yi ƙwai ba, a ce shekara ce ta zo da haka. Bai yi niyyar kashe ko ɗaya ba. Da gari ya waye ya ga sun mutu, shi ya fi kowa firgita, sai ya nemi wanda zai ɗora wa." Ya juya. "Goggo, makullin marigayi yana hannun wa?"

Goggo ta ajiye kifin. Ta ɗaga kai ta dubi ƙanin mijinta.

"Wannan cin mutunci ne!" Mai Ƙanƙara ya daka tsawa. "Ni zan cuci 'ya'yan yayana? Saboda tatsuniyar huhun kifi?"

"A duk garin nan ruwan wa ke da sanyin da zai cushe huhun kifi?" in ji Mai Sawu, ko murya bai ɗaga ba. "Dusarka tana bakin tafki. Facin tayarka yana cikin laka. In ƙarya nake, mu je a ɗaga tamfol ɗin tankinka, in ba ka haƙuri a gaban kowa."

Mai Ƙanƙara ya dubi ƙofa, ya dubi Kofur. 

Likita ta matso kusa da shi. "Malam, kifin da ke tankinka a ɗumi suka saba. Yanzu haka suna kwance a ƙasa suna sandarewa. Duk gardamar da ka ƙara, ɗaya kake kashewa."

Mai Ƙanƙara ya ja da baya. Ya zauna a bakin siminti ya rufe fuska.

"Na ce ta sayar mini ko biyar, ta ƙi," ya ce. "Aro na ɗauka, wallahi. In sun zuba ƙwai in mayar."

"Shi kuma wannan?" Goggo ta nuna Mai Wanki. "Da 'ya'yansa a ciki, da fetur a ƙofa. Shi ma aro ka ɗauka?"

 Matasan da ke kan katanga suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya, ba mai kallon wani.

*

Da aka ɗaga tamfol, suna nan kwance a gindin tankin, jajaye, wasu sun karkata gefe. Sai ka zuba ido sosai kafin ka ga kunne ya motsa. Goggo ta miƙa hannu za ta kwashe su.

"A'a, Goggo!" Likita ta riƙe ta. "In kika mayar da su tafki yanzu, kin yi musu abin da aka yi wa waɗancan. A cikin ruwan nan za mu ɗebe su, mu riƙa ƙara mai ɗumi kaɗan-kaɗan. Muna bukatar manyan bahuna, masu tsabta, da yawa."

Aka dubi juna. Kafin wani ya yi magana, Mai Wanki ya juya ya fita. Jim kaɗan sai ga shi a kan kekensa, ya ɗoro sababbin bahuna waɗanda sabulu bai taɓa shiga ba, matarsa na biye da tukunyar ruwan ɗumi a kai.

Suka jera bahunan a inuwa. Likita na riƙe da ma'aunin zafi, Mai Wanki na zuba ruwa da kofi duk lokacin da ta ɗaga masa kai. Kofur ya tafi da Mai Ƙanƙara. Uku daga cikin kifin ba su tashi ba. Sauran kuwa, wajen faɗuwar rana, kunnuwansu suka fara bugawa da ƙarfi, ɗaya ta miƙe daga karkacewa, ta kaɗa wutsiya, ta zagaya bahon.

Goggo ta share ido da gefen mayafi. Ta dubi hannun Mai Wanki da ke zuba ruwan.

"Maƙwabci, da safe har da bakina a cikin masu kiran sunanka. Ban san da wace fuska zan nemi gafararka ba."

Mai Wanki bai ɗago ba. Ya ɗebo wani kofin, ya gwada ɗuminsa da yatsa.

"Goggo, matsa kaɗan," ya ce. "Kin tare mini haske, ga waccan ma tana son tashi."

Goggo ta matsa, ta tsuguna kusa da shi, ita ma ta ɗauki kofi.